Fom Ɗin da Yaya Bai Ƙarasa Ba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafarki? Mu nan Kalgo lafiya lau.

Jiya na kunna kwamfutar marigayi Yaya Nasiru, wadda ya sa wa murya don ta riƙa karanta min, tunda ba na gani. Sai ta fara karanto shafin da ya bari a buɗe, fom ɗin makarantar makafi da yake cike min. Ta faɗi sunana da garinmu, ta zo wurin sunan uba ta ce babu komai. Nan Yaya ya tsaya.

Ina jin nauyin Baba. Don Allah ki roƙe shi ya bari in sa sunansa. Har yanzu ban rufe shafin ba.

Ki sa Yaya a addu'a, ki gaishe da su Hafsa.

'Yarki, Rabi