Kiɗan Yusufu Da Ke Cikin Fedal

Tanti Larai, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni makaɗin jita ne a Zango, asalinmu Dakusa. Da ni da ƙanena Yusufu muke kiɗan biki, shi yana riƙe gindin kiɗa, ni ina yawo a sama. Da damina ta sake ƙi bara, geronmu ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, sai ya ce zai tafi Libiya. Kafin ya hau mota muka samo wani fedal, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa, ya naɗi abin da ka kaɗa ya riƙa maimaita shi. Yusufu ya kaɗa mini zagaye ɗaya a ciki, ya ce in riƙa bi kafin ya dawo. Wata tara ke nan, ko waya.

To Tanti, wannan shegen akwati ɗaki ɗaya gare shi! In zan naɗi sabon kiɗa, dole in goge na Yusufu. Don haka kowane biki kiɗa guda nake yi. Kuma akwatin ba ya ganin mutane. Yusufu ƙafafun mata yake kallo, in rawa ta yi zafi ya ƙara sauri, wannan kuwa ko an mutu tafiyarsa ɗaya. A wani biki a Birni wata tsohuwa ta tambaye ni ko jitar ce ta yi karatun allo bai wuce shafin farko ba. Aka yi ta dariya, wallahi kamar in nutse.

Na aro wani fedal mai amsa-kuwwa, ashe shi ba ya ajiye komai, sau uku zai maimaita maka ya mutu. Yanzu an daina kirana, matata Barira kuwa rabin tiya take dafa wa mutum shida. Ta ce in goge kiɗan Yusufu. Na ɗora ƙafa sau biyu, na kasa. Ina jin kamar in na taka, na yarda Yusufu ya mutu ne.

Mai Jita Ɗaya, Zango

Ɗana Mai Jita,

Barira ta fi ka gaskiya, amma kai ma ba hauka kake ba. Na tambayi masu sana'arku. Sun ce ka kai fedal ɗin wurin mai naɗar kaset, ya jona waya ya kwafe kiɗan. Yi biyu, ɗaya naka, ɗaya na mahaifiyarku. Ka saurara da kunnenka ka tabbata ya fita, sannan ka goge.

Daga nan kowane biki ka naɗi sabon zagaye a gaban jama'a, gajere, daidai da saurin rawarsu. In ta yi zafi, goge ka sake. Mai amsa-kuwwa kuma ado ne kawai, ba zai riƙe maka gindin kiɗa ba, mayar wa mai shi.

Batun Yusufu, je tasha ka ba direbobin Agadas sunansa da hotonsa. Can ake neman mutum, ba cikin akwati ba. Kuma ka tuna dalilin da ya bar maka kiɗan nan: don gidanku ya ci abinci ne. Ranar da ya dawo, in Allah ya so, ba zai tambaye ka fedal ba, yaranka zai duba ya ga ko sun rame.

Allah ya dawo da shi lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Tanti Larai