Kafin Layin Ya Haukace

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
Na dawo Haɗejia da aikin digirina na biyu a kwamfuta. Kogi ya cika, kowa maganarsa jinga da buhunan yashi. Ni kuwa ina zaune ina auna girgizar ƙasa a garin da ban taɓa jin ƙasa ta motsa ba. Maƙwabta har dariya suke min.

Hanya uku nake gwadawa a kan layin da na'ura ke zanawa idan ƙasa ta girgiza: a auna tsayin layin, ko daɗewarsa, ko a lissafa girman tsagewar da dutse ya yi can ƙarƙashi. Wacce ta fi faɗin gaskiyar ƙarfin girgizar, shi ne aikin.

Alhamis, 8 ga Agusta
Dokta Fannami, mai duba aikina, ya kira. Wai duk girgizar ƙasar da na zaɓa ƙanana ne, a kansu hanyoyin uku bakinsu ɗaya. "Sai a babba ake gane maƙaryaci. Ki sa ta Turkiyya."

Na ce to. Bai sani ba, ni ma ban faɗa ba. Ita ce ta ɗauke Yaya Shu'ibu bara, yana barci a masaukin ɗalibai.

Talata, 13 ga Agusta
Ban buɗe zanen ta Turkiyyar ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Juma'a, 16 ga Agusta
Na yi suɓutar baki gaban Inna, na ce ta Turkiyya zan auna. Ta ajiye tsintar shinkafa. "Wato abin a rubuce yake? To, ta daɗe?"

Tun rasuwar Yaya Shu'ibu ba ta taɓa yi min tambaya a kansa ba. Na ce gajeriya ce, ƙiftawar ido, bai ma sani ba. Ban duba ba fa, na dai zaci zan sanyaya mata rai. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ko tuwo ba ta ci ba. Ni kuma me na faɗa?

Asabar, 17 ga Agusta
Na buɗe. Haushi ya cika ni, ban san da wa nake ba. Hanyar tsayi ta tsaya ƙasa da bakwai, ta cika kamar mudu, duk abin da aka ƙara zubewa yake. Ta daɗewa ta kasa gane inda abin ya ƙare. Ta ukun ce ta kai bakwai da ɗigo takwas, ainihin ƙarfinta. Dokta ya yi gaskiya, kuma wallahi na tsani gaskiyar tasa.

Laraba, 21 ga Agusta
Bayan la'asar Inna ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma. "Nuna min."

Na nuna mata zanen na'urar da ke kusa da garin da Yaya Shu'ibu yake karatu. Da farko layin ɗan rawa yake, sannan ya haukace. Ta ɗora yatsa a kan ƙaramar rawar. "Wannan tana tada mai barci?" Na ce tana iyawa. Ta ce Shu'ibu ba shi da nauyin barci, tun yana yaro. Ta ce in saki layin ya tafi yadda ya tafi a ranar.

Na sake shi. Ta fara kalmar shahada a hankali, ba gaggawa. Ta kai ƙarshe, ta sake farawa, layin bai haukace ba tukuna.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ya samu."

Ashe tsawon take nema, ni kuma na ba ta ƙiftawar ido ta yi ta kwana da shi. Ban ce mata na'ura ba ta san ko ya farka ba. Ba zan ce ba.

Lahadi, 25 ga Agusta
Jinga ta riƙe, ruwa ya ɗan ja. Na tura wa Dokta babi na huɗu, ta Turkiyya na ciki. Inna ta ci tuwo har da ƙari.

Ɗazu na sake kunna wurin nan, don in duba lissafi ne dai kawai. Sai na tarar bakina yana motsi.