Wanda Ya Amsa Mini a Cikin Jirgi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, ina ci ina ƙoshi, kada ku damu.

Makon nan wani ƙaramin jirgin sama muke kwancewa, za a ɗora shi a tirela. Mai shi ya rasu, matarsa ta sayar. Mun zuƙe mai, mun cire fukafukai, saura farfela. A ƙa'idar aikinmu ba a taɓa farfela sai an tambayi na cikin jirgi ko injin a kashe yake. Baki ya saba, na ɗaga murya na tambaya. Aka ce, “A kashe yake.”

Sai da na kwance ta na hango maigidana can waje yana waya, alhali mu biyu ne kawai. Na leƙa ciki, ba kowa. Na dafa kujerar matuƙi, Yaya, da ɗuminta.

Maigida ya ce zafin rana ne. Ɗakin da jirgin yake ciki kuwa ko taga babu.

Kada Inna ta ji, ki dai ce ta sa ni a addu'a. Gobe ni zan raka jirgin, kwana biyu a hanya. Ba zan sake tambayar komai ba.

Ƙaninki.