Har Gemuna Suka Bincika

Zuwa ga 'yata, Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abokina Kwamanda. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ni ban gaishe ki ba, hannuna ne kawai ya saba rubuta hakan.

Na ɗauki biro ne saboda kin ce a waya ihu nake yi. To ga takarda, sai ki saurara ko ita ma tana ihu. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san tun a firamare ni da boko muka rabu, kuma shi ya fara gajiya.

Da kika ce ku a jami'a kuna binciken abin da ke sa yaran unguwarmu ciwon ciki da ƙin cin abinci, har da ɗanki Kwamanda da ke wuni a wurinmu, ban buɗe miki ƙofa ba? Na zaci likita za ki kawo. Sai ga runduna. Likitan ya soki jikana da allura ya ɗebi jini, yaron da ko magana bai gama iyawa ba. Wata ta kankare ƙasar tsakar gida da cokali ta ƙulle a leda kamar gishiri. Wani dogo ya bi layi yana zana gidajen mutane, yana tambayar kowa sana'arsa. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce mai tabarau. Ba ta auna komai ba. Ta zauna kan kujerar mahaifiyarki kwana da kwanaki tana kallonmu. Na tambaye ta me ta karanta, ta ce halayyar mutane. Na ce ashe maƙwabciyarmu farfesa ce ba mu sani ba.

Duk na shanye. Sai shekaranjiya na dawo daga shago na tarar babu Kwamanda, babu takalmansa, babu kofinsa. Wai kin ce ba zai ƙara wuni a nan ba sai an gani. A ga me? Gidan da kika girma ne yau ya zama juji? Ki ba ni amsa, da maganar da ɗan aji huɗu zai gane.

Mahaifinki,
mai gyaran batir.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Mama. Na yi kuskure da ban tsaya na yi maka bayani ba. Tsoro ne ya kama ni.

An sami gubar dalma a jinin Kwamanda, irin dalmar da ke cikin batir, kuma da yawa. Ita ke hana shi cin abinci. In ta daɗe tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Likita ya ga gubar amma bai san ta ina ta shiga ba. Ƙasar gidan da ruwan famfo lafiyarsu lau. Da a nan muka tsaya, da mun ce ba daga gida ba ne. Sai zanen dogon ya nuna cewa yaran da abin ya fi kamawa duk daga gidajen masu aiki a layin batir suke, ko da gidan yana nesa da layin. Nan ma muka cije: ta yaya ƙurar dalma za ta tsallake gidaje ta zaɓi wasu? Mai tabarau ce ta ce ba iska ke kai ta ba. Ta ce kana shigowa, kafin ka cire rigar aiki, Kwamanda yake rugowa. Ka ɗaga shi, ya cusa hannu a gemunka ya ja, kai kuma ka yi masa kukan akuya, ya ƙyalƙyale da dariya, hannun ya koma baki. Gashin da ke maƙale a matajinka, an auna shi, Baba.

Ba wanda ya taɓa gaya muku, ba laifinka ba ne. Amma sai ka riƙa wanka a shago, ka bar kayan aiki a can, ka zo a auna jininka. Gemun kuma likita ya ce mai kauri irin naka ba ya rabuwa da ƙura, cire shi ya fi. Kafin nan ba zan kawo shi ba.

'Yarka mai biyayya.

*

Zuwa ga mai biyayya,

Salam. Na ga biyayyar.

Wato kowa da digirinsa, kuka haɗa kai kuka gano ni ne cutar. Ƙasa ta tsira, famfo ya tsira, sai tsoho. Da likita kaɗai kika kawo, da ya ba da magani ya kama gabansa, ina nan da mutuncina. Kuma matajin nan, mai tabarau ɗin ce mini ta yi tana son sayen irinsa! Ni da bakina na ce ta tafi da shi.

Kin san abin da kika jawo? Mahaifiyarki ta riga ni karanta wasiƙar. Yanzu da sanda take ɗaga rigata, kamar ta ga maciji. A layi kuma dogon naku ya tara mu ya yi jawabi, sai magana ta juye wai 'yata ta kawo masu rufe shaguna. Mai shagon gefena, da muke ci a kwano ɗaya, jiya ko amsa gaisuwata bai yi ba. Da yamma dai na hango shi bayan shago yana saɓa sabulu har kafaɗa, yana waige-waige. Shi ma yana da 'yar jika.

Gemu kuwa ya girme ki, ki yi masa magana da ladabi. Ba zan aske ba.

Abu ɗaya nake so ki faɗa mini, kuma kada ki lulluɓe shi da turanci. Ƙwaƙwalwar nan da kika ce ba ta gyaruwa, ta riga ta taɓu ne? Ni na san yadda ake rayuwa da kan da ba ya ɗaukar karatu. Ni abin dariya na mai da shi, amma ba na yi wa Kwamanda fatansa.

Mahaifinki,
wanda aka fi sani da guba.

*

Dakta,

Salam. Kun zo da Kwamanda kun tafi, to ga abin da ke bakina.

Na yi wankan, na ba da jinin, mai aski ya kwashe gemun yana ta ba ni haƙuri. Sauran kin gani da idonki. Na durƙusa na buɗe hannu, yaron ya dube ni ya ƙwala ihu ya ɓuya bayan kakarsa. Na yi kukan akuya, ya ƙara tsorata. Har kuka fita yana leƙa ɗakina yana nemana, yana kiran Kaka.

Alhamdu lillahi da likita ya ce an tare abin da wuri. Amma ki tambayi masanan naki, a cikinsu wa ya karanta maganin wannan. Ki kawo shi gobe, ki kawo shi jibi, har ya saba da baƙon. Kuma ki sani har yanzu fushi nake da ke.

Mahaifinki,
mai fuska kamar ɓararren ƙwai.