Ka Harbe Mini Kare, Orval

Zuwa ga ƙanena Orval,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya mutanen Tennessee? Ni lafiya lau nake nan Dakota wajen haƙar mai. Sanyi ya ɗan ci mini yatsu biyu, kada ka gaya mata.

Na ji ka harbe karena Deacon, wai ya tsufa, yana haushi a gindin bishiyar da ba komai. Kai sakarai! Shekara tara muna farautar dare da shi, muna bin rakun, 'yar dabbar nan mai ɓuya a kan bishiya, bai taɓa ba ni kunya ba. In ya ce rakun na sama, yana sama. Na san halinka: gindi kake tsayawa ka dalle rassa da farar fitila, dabba ta kau da fuska. Sau nawa Baba ya nuna mana? Ka ja baya, ka kunna jan haske, ka zagaya a hankali, ka kwaikwayi kukan rakun. Zai leƙo, idanunsa su kama kamar garwashi.

Ka riƙa shafa wa Mama man ƙafar da na aiko. Allah ya ƙara mata sauƙi.

Filin nan na kusa da kabarin Baba, wanda kake ta cewa naka ne in ka mutu, ka binne Deacon a ciki. Cikin ku biyu, shi ne ya ji maganar Baba.

Yayanka,
Harlan