Sarauniyar da Bai Kamata Ta Kasance a Hannun Kaka Ba

Anti Shen,

Don Allah ki taimake ni, domin ban san wanda zan faɗa wa wannan magana ba. Na sha fara wasiƙar nan ina yagewa. Ina aji biyu na babbar sakandare a nan Chengdu. Ba ni da yawan magana, ko a aji sai malami ya kira sunana nake buɗe baki. Wuri ɗaya nake sakewa, shi ne teburin kartar birij.

Kakana na wajen uwa ne ya koya mini tun ina firamare. Yana kirana Katantanwa, wai ina daɗewa kafin in saki kati. Duk Lahadi da rana yakan hau bas daga unguwarsu, mu haɗu a gidan shayi na bakin kogi. Shi da amininsa Tsoho Kuang suna gefe ɗaya, ni da Gwaggo Ruan, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, muna ɗaya gefen. Tun rasuwar kakata, wannan zama ne kaɗai ke sa shi aske gemu ya sa riga mai guga.

Ban sani ba ko kina wasan, to ga abin a taƙaice. As, wato katin da ya fi kowanne girma, maki huɗu ne, sarki uku, sarauniya biyu. Kafin a fara bugu ana yin tayi, wato alkawarin zagaye nawa gefenka zai ci, kuma mai maki goma sha biyu ko fiye ba ya yin shiru idan shi ne farkon magana. Kaka da kansa ya dasa mini wannan a kai. Yakan ce wanda ya ɗauki alkawari ba ya caca, yana ƙirga abin da kowa ya nuna ne har ya ga hannun abokin hamayya kamar an buɗe masa.

A watan jiya ni na ɗauki alkawarin cin zagaye goma. Gwaggo Ruan ta shimfiɗa katinta a tebur kamar yadda dokar wasan ta ce, na ga komai ya rataya a kan abu guda: wa ke riƙe da sarauniyar zuciya, wato ta jan kati mai zanen zuciya, Kaka ko Tsoho Kuang? Ban yi gaggawa ba. Na bar zuciya sai ƙarshe, na buga sauran ina kallo. Kaka ya fito da as biyu da sarki ɗaya, maki goma sha ɗaya ke nan. Shi ne ya raba kati, don haka shi ne farkon magana, kuma koren katin "na wuce" ya ajiye tun farko. Da yana da sarauniya, da makinsa sha uku ne, da ya buɗe tayi. Saboda haka tana wajen Tsoho Kuang, babu ko shakka. Har na ji daɗi a raina, na ce yau Kaka zai yaba mini.

Na buga a kan haka. Sai ga sarauniya ta fito daga hannun Kaka.

Ba faɗuwar ce ta dame ni ba, Anti. Yadda ya kalli katin ne, kamar baƙon da ya tarar a ɗakinsa. Tsoho Kuang ya fashe da dariya ya ce, "Kai Tsoho Teng, maki sha uku ka kwanta a kai kamar kaza a kan ƙwai? Ko ka bar kanka a cikin bas ne?" Kaka ya kurɓi shayi ya ce, "Tarko na ɗana wa Katantanwa, ta daina yarda da kowa. Kai da ba ka iya ƙirga haƙoranka ba, me ka sani?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Na so in yarda. Amma Lahadin da ta wuce an buga zuciya, ya jefa wani kati daban kamar ba shi da ita, sai can gaba ga ta a hannunsa. Wannan ba tarko ba ne, karya doka ce, don dole mai zuciya ya bi da zuciya, kuma Kaka mutum ne da yake tashi daga tebur idan wani ya yi ta da gangan. Gwaggo Ruan ta dube ni, ta kawar da kai, ta shiga ɓare 'ya'yan kankana.

Ga inda matsalar take. Mama ta daɗe tana cewa, "Ranar da Baba ya fara mantuwa, ya gama hawa bas shi kaɗai, zai dawo gidanmu." Gidanmu yana hawa na sama can ƙarshen gari, babu wanda ya sani a wurin. In na faɗa mata, ni na raba shi da teburinsa. In na yi shiru kuma wata rana ya sauka a tashar da bai sani ba fa? Ba na iya zama wuri ɗaya. Ina cikin darasin kimiyya sai in tsinci kaina ina sake ƙirga makin nan, ko ni ce na yi kuskure. Kullum sha uku suke fitowa. Shi ya koya mini karanta hannun mutane, ga shi na karanta nasa, ban so abin da na gani ba.

In faɗa ko in yi shiru?

Katantanwa

*

Katantanwa 'yata,

Ƙirgarki daidai ce, ki daina maimaita ta. Ni ma na taɓa zama a teburin birij, kuma duk wanda ya iya wasa haka zai buga. Amma ki lura da iyakar abin da kati ya gaya miki. Ya ce Kaka bai ga sarauniyarsa ba. Bai ce miki don me ba.

Kin tsallake kai tsaye zuwa mafi munin dalili. Yana iya zama shi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kura-kuran biyu duk a kan jan kati suka faɗo, kuma idon da ya fara yin yana yakan haɗa ja da ja, ko kati ya laɓe bayan ɗan'uwansa. Rashin barci da sabon magani ma suna sa haka. Da yawa cikin waɗannan ana gyara su. Ni da ke da Gwaggo Ruan ba mu ne za mu yanke ba, aikin likita ne, kuma ko wane ne daga ciki, zuwa da wuri ya fi.

Saboda haka shiru ba ya cikin zaɓinki. Tsoronki na raba shi da abokansa gaskiya ne, amma tsoron mamarki ma gaskiya ne. Mahaifinta ne, ita kuma ba abokiyar hamayya ba ce da za ki ɓoye mata hannu.

Sai dai ki fara da shi. Mutumin da ya ce tarko ya ɗana ya riga ya san wani abu ya faru, kunya ce ta hana shi faɗa. Ranar Lahadin nan ki raka shi tashar bas, ku biyu kawai, ba a gaban Tsoho Kuang ba. Kada ki ce masa yana mantuwa. Ki faɗi abin da kika gani, ki ce ya tsorata ki, ki roƙe shi ku je wajen Mama tare. Zai iya yin fushi. Ki jure, fushin kaka a kan jika ba ya kwana. In ya ƙi, ki gaya masa a fili cewa za ki faɗa mata, sannan ki faɗa. Kada ya ji daga baya cewa an yi shawararsa a ɓoye.

In kin je wajen Mama, kada ki kai mata tsoro kaɗai, ki haɗa da dabara. A fara da gwajin ido da ganin likita kafin a yi maganar ƙaura. Ke ki riƙa ɗauko shi ranar Lahadi kina mayar da shi. Ki sayo kati mai manyan zane. Ki nemi Gwaggo Ruan ta sa baki, kallon da ta yi miki ya nuna ita ma tana neman wanda zai fara magana. Kuma ki roƙi Mama ta tambayi likitan ko ya kamata a raba tsoho da wasan da ke motsa masa kai da abokan da ke sa shi dariya. Ina kyautata zaton amsarsa za ta yi muku daɗi.

Na san magana tana yi miki nauyi. Muryarki za ta yi rawa, ba laifi, ki faɗa tana rawar. Ina yi wa Kaka fatan lafiya, ke kuma ina miki fatan samun natsuwa, da sauran Lahadi masu yawa kina zaune kusa da shi, ko ya ci ko ya faɗi.

Anti Shen