Kunyoyin Mama Saratu

Daren Asabar, tsakiyar Yuli, garin Laurel

Da ƙyar nake riƙe biro, tafin hannuna duk ya yi bororo.

Kwana tara ke nan ana ruwa. Da ya tsagaita yau da safe na je lambun unguwa, na tarar ɗan filina ya zama kududdufi. Tumatir ya ruɓe, ban damu ba. Yakuwar ce ta karya min zuciya, don irin da Inna ta ba ni ne kafin ta rasu, kuma ba ni da saura. Ganyenta ya fara yin rawaya. Na tsaya ina hawaye.

Sai ga Mama Saratu mai filin kusa da nawa, ta taso daga aikin kwana a asibiti, ko kayan aiki ba ta cire ba. Nata shukokin lafiya lau a kan manyan kunyoyi.

Ta ce, "Hadiza, kuka ba ya janye ruwa. Mu a Jos ba ma shuka a shimfiɗe. Riƙe shebur."

Matar da ta haura sittin, ga ciwon gwiwa, ta duƙa da fartanyarta ta haƙa wa ruwan hanya. Muka tayar da kunya, ta riƙa ciro yakuwar da ƙasarta tana dasawa a sama.

Na ce, "Mama, ku je ku kwanta."

Ta ce, "Sai ruwan nan ya fita."

Sai azahar ruwan ya fita. Ta duba saiwoyin, ta ce yawancinsu za su tashi.

Ban ma gaya mata yakuwar Inna ce ba. Ta dai ga ina kuka.